Kwanakin jiran takardar likita

A ƙofar kowace babbar lopital ta ƙasar nan, daga Yamai har Damagaram, akwai wani irin majinyaci da ba a lissafa shi cikin marasa lafiya. Ba a ba shi gado ba, ba a ɗaura masa ruwa ba, da ƙafarsa ya zo kuma da ƙafarsa zai koma. Gobe da safe za a gan shi a rumfarsa ta kasuwa ko a teburinsa na biro, yana amsa gaisuwa da "lafiya lau". Shi ne mutumin da likita ya ɗebi ɗan yankin naman jikinsa domin a auna, aka ce masa ya je gida ya dawo bayan sati biyu ko uku, ya ji ko sankara ce, wato ciwon daji, ko ba ita ba ce. Waɗanda suka taɓa yin wannan zama sukan ce kwanakin nan sun fi musu wasu kwanakin jinyar nauyi, domin mai jinya ya san abokin gabarsa, shi kuwa mai jira da inuwa yake kokawa.

A ɗauki misalin wata malamar lakwal a Damagaram, mai ƴaƴa huɗu, wadda ta ji wani ƙullutu a mamanta na hagu wata rana tana wanka. Ba ya ciwo, saboda haka ta bar shi wata biyu tana cewa zai baje da kansa. Da ta ga bai baje ba, ta je gidan likita, aka yi mata ekografi, daga nan aka tsira allura aka ciro ɗan nama wanda bai kai ƙwayar shinkafa kauri ba, aka jefa shi a ƴar kwalba, aka manna sunanta a jiki. Likita ya rubuta mata randebu a ƴar takarda. Ta naɗe takardar, ta cusa a ƙasan jakarta, ta hau kabu-kabu ta koma gida ta ɗora tukunyar dare. Maigidanta bai sani ba, uwarta ba ta sani ba, diraktan lakwal ya ɗauka zazzaɓi ne ya hana ta zuwa aiki da safe. Daga wannan dare barci ya ƙaurace mata. Takan tashi ƙarfe uku ta laluba wurin, ta ga kamar ya ƙara girma, ta dubi yara suna barci, ta fara lissafin wanda zai riƙe su.

Abu na farko da ya kamata irin wannan baiwar Allah ta sani shi ne dalilin jinkirin, domin mutane da yawa sukan ɗauka cewa daɗewar sakamako alama ce ta mugun labari, ko kuma likita ya riga ya sani yana ɓoyewa. Alhali aikin awon nama, wanda likitoci ke kira biyopsi, aiki ne mai matakai da ba a tsallake su. Sai an jiƙa naman cikin ruwan formol domin kada ya lalace, a tsotse ruwan jikinsa, a daskarar da shi cikin kakin farafin, a yanka shi sala-sala da wata na'ura har ya fi fatar albasa sirantaka, a shimfiɗa a kan gilashi, a rina shi, sannan ƙwararren likitan awon nama ya zauna ya duba shi da madubin ƙara girma. Wani lokaci abin da ya gani bai ishe shi yanke hukunci ba, sai ya nemi a sake yanka ko a yi wani rini na musamman, wanda ke ƙara wasu kwanaki. Ga shi irin waɗannan ƙwararru ba su da yawa a Nijar, kuma akasarinsu a Yamai suke. Kwalbar da ta tashi daga Damagaram tana da tafiyar kusan kilomita 900 a gabanta, ta Maraɗi sama da 600, ta Tawa sama da 500, sannan ta shiga layi bayan kwalaben da suka riga ta. Tsawon jira lissafin hanya ne da layi, ba ya faɗin komai game da abin da ke cikin kwalbar.

Abu na biyu shi ne cewa ɗibar nama ba hukunci ba ne. Likitoci sun tabbatar cewa yawancin ƙullutun da mata ke ji a mama ba sankara ba ne: akwai ƙullutun ruwa, akwai na tsoka marar cutarwa wanda ya fi yawa ga ƴan mata da matasan mata, akwai kumburin da shayarwa ke kawowa. Likita yana aika nama awo ne domin hannu da ido ba su isa su bambance ba. Sai dai ba daidai ba ne kuma a ruɗi mai jira da cewa lalle ba komai, domin sankarar mama ita ce kan gaba cikin sankarorin da ke kama mata a ƙasar nan, sankarar bakin mahaifa na biye da ita, maza kuwa ta hanta na cikin waɗanda suka fi addabarsu saboda yawan ciwon hanta nau'in B. Gaskiyar da ta dace a riƙe ita ce: ba a sani ba tukuna, kuma ranar sani tana rubuce a takarda.

Fargaba kuwa tana da nata ciwon, wanda ya kamata a gane shi da sunansa. Mai jira yakan ji bugun zuciya ya ƙaru, baki ya bushe, abinci ya fita ransa, wuya da kafaɗu su ƙage, ciki ya ɗaure ko ya ɓaci. Idan ya kwana biyar ba ya cin kirki ba ya barci, dole ya rame, dole kansa ya yi ciwo. Sai ya dubi madubi ya ce ga shi nan, ciwon ya fara cin jikinsa, fargabar ta ninka, ramar ta ƙaru. Haka abin ke zagayawa kamar raƙumin da ke juya injin mai. A zamanin nan kuma an samu wani sabon mai hura wutar, wato wayar hannu. Mai jira yakan kwana yana bincike a intanet, yana kallon hotunan ciwon da ya ruɓe, yana karanta labarin mutanen da ciwonsu da shekarunsu da ƙasarsu duk ba irin nasa ba ne, ko yana sauraren muryoyin WhatsApp na masu tallar maganin da wai ke warkar da daji cikin kwana bakwai. Waya ba ta ga kwalbarsa ba, ba ta da abin da za ta faɗa masa.

Babban abin da ke ƙara wa wannan zama nauyi a ƙasar Hausa shi ne shiru. An rene mutane a kan cewa haƙuri maganin zaman duniya, kuma haka ne, amma da yawa sun mayar da haƙuri ya zama ɓoyewa. Mace tana jin kunyar ambatar mama ko mahaifa, tana tsoron kada kishiya ta ji, tana tsoron kada maigida ya fara kallonta a matsayin wadda ta gama yayi. Ɗan kasuwa yana tsoron kada labari ya shiga kasuwa, masu ba shi kaya bashi daga Kano ko Kwatano su janye hannu, masu bin sa kuɗi su taso masa gaba ɗaya. Ma'aikacin gwamnati yana tsoron kada a ji a biro a fara rabon kujerarsa tun yana kai. Waɗannan tsorace-tsorace ba na banza ba ne, kowa ya san duniya. Amma wanda ya rufe bakinsa ga kowa da kowa ya bar kansa shi kaɗai da tunanin ƙarfe ukun dare, kuma a wannan lokaci ne ake yanke shawarwarin da ake da-na-sani a kansu: a je wanzami ya tsaga wurin, a shafa wani haɗin da ke ƙona fata, a sayar da fili a kai wa boka, ko kuma, wanda ya fi duka muni, a ƙi komawa karɓar sakamakon.

Maganin wannan ba shela ba ne. Ba a ce mai jira ya tara dangi ya yi musu sanarwa ba. Mutum ɗaya ya isa, ko biyu, amma a zaɓe su da kyau: mai riƙe sirri, mai sanyin rai, wanda ba zai fashe da kuka har a koma ana rarrashinsa ba, kuma in da hali wanda ya iya karatu, domin takardun likita da Faransanci ake rubuta su. Malamar nan ta Damagaram, a dare na shida, ta je gidan yayarta bayan sallar isha'i, ta zauna a bakin gado ta kasa magana. Yayar ta sallami yara, ta rufe ƙofa, ta ce: "Ƙanwata, faɗa mini, tun shigowarki na ga ba daidai kike ba." Ta ce: "Yaya, an ɗebi nama a mamana, an kai Yamai." Yayar ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta kawo labarin kowa ba. Ta tambaye ta ranar randebu, ta ce: "Tare za mu je. Amma gobe ki gaya wa baban yara, kada ya ji a bakin wani." A daren nan malamar ta yi barci har kiran asalatu. Ƙullutun yana nan yadda yake, abin da ya sauya shi ne an kama mata kayan, kuma hannu ɗaya dama ba ya ɗaukar jinka.

Su kuma waɗanda aka ba wannan amana, akwai ladabin da ya hau kansu. Na farko, kada su kawo tarihin matattu. Akwai mutanen da da zarar sun ji kalmar daji sai su fara jero wance da wane da ciwon ya kashe, suna zaton jaje suke yi, alhali gishiri suke zubawa a gyambo. Na biyu, kada su zama likitoci. Kowane gida yana da gwaggon da ta san wani mai magani a wani ƙauye, kuma niyyarta alheri ce, amma jiƙe-jiƙen da ba a san ƙarfinsu ba suna iya taɓa hanta da ƙoda, gaɓoɓin da mutum zai fi bukata idan ta kama a yi masa magani mai ƙarfi. Na uku, kada su ce "daina tunani", domin ba wanda ya taɓa daina tunani saboda an umarce shi. Abin da ke amfani ƙanana ne: a zo a zauna, a saurara idan yana son magana, a yi hirar farashin gero ko ta ƙwallo idan ba ya so, a kai yara lakwal, a aiko da tuwo, a tsare masa rumfa na rabin yini. Maigidan da matarsa ta gaya masa irin wannan labari ya sani cewa kalmarsa ta farko za ta zauna a zuciyarta har abada. "Muna tare, Allah ya sa mu ji alheri" ta ishe shi, idan ya bi ta da aiki.

Shi ma mai jiran yana da abin yi, domin kwanakin nan ba na naɗe hannu ba ne. Kafin ya bar gaban likita, ya tambaya dalla-dalla: wace rana sakamako zai fito, a wane ofis za a karɓa, wa za a kira idan ranar ta wuce, da wace lamba aka rubuta kwalbar. Tambayar likita ba raini ba ce, haƙƙi ne. Ya tara duk takardunsa, na ekografi da na awon jini da ordinansi da rasit, cikin jaka ɗaya, ya yi musu fotokofi. Duk tambayar da ta faɗo masa cikin dare ya rubuta ta a ɗan littafi ya ajiye wa likita, domin abin da aka sauke a takarda yakan rage yawo a kai. Ya ci gaba da zuwa kasuwa ko biro gwargwadon ƙarfinsa, saboda zaman ɗaki abincin fargaba ne. Ya taka ƙafa bayan la'asar, ya ci abinci ko ba ya marmari, ya rage shayin fada na dare, wanda ke hana mai lafiya ma barci. Ya nisanci ƙwayoyin sa barci da tramol na masu talla a bakin titi. Idan kuwa wurin da aka tsira allura ya kumbura, ya yi ruwa, ko jini ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi ya taso, kada ya jira ranar randebu, ya koma a ranar. Haka nan idan damuwar ta kai ga ya kwana da kwanaki ba ci ba barci, ko ya fara jin gara ya mutu ya huta, wannan ma ciwo ne da ake faɗa wa likita, kuma yana da magani.

Akwai batun kuɗi, wanda ƴan kasuwa suka fi kowa sanin cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Shirya guzuri ba fatan tsiya ba ne. Idan sakamako ya zo da alheri, kuɗin suna nan, ba su ruɓe ba. Idan ya zo da akasin haka, za a bukaci kuɗin kar zuwa Yamai, da masauki, da abincin mai rakiya, da wasu awon kamar sikana domin a ga iyakar inda ciwon ya kai. Ana iya roƙon uwar adashi ta matso da kwasa, a tuntuɓi ɗan'uwan da ke zaune a Yamai tun da wuri game da wurin kwana, ma'aikaci kuma ya binciki yadda ake neman hutun jinya da irin tallafin da ma'aikatarsa ke bayarwa. A manyan lopital akwai ofishin jin daɗin jama'a, inda ake sauraren marasa ƙarfi. A shekarar 2007 gwamnatin Nijar ta fitar da dokar da ta sa kula da sankarorin mata cikin ayyukan da ake yi kyauta, saboda haka ya dace mace ko mai rakiyarta su tambaya ƙarara abin da wannan doka ta ɗauke musu da abin da ya rage a kansu.

Addu'a kuwa ita ce matattarar mai jira, Musulmi ne ko Kirista, kuma ba wanda zai raina natsuwar da mutum ke samu idan ya tashi cikin dare ya kai kukansa ga Mahaliccinsa maimakon ya kwanta yana juyi. Malamai na ƙwarai sun sha bayyana cewa tawakkali ba ya hana neman magani, hasali ma neman maganin yana cikinsa. Limamin da mai jira ya je wa da damuwarsa zai yi masa babban alheri idan bayan addu'a ya tambaye shi ranar randebu, ya kuma ƙarfafa masa guiwar komawa.

Dalilin nacewa a kan komawa shi ne, a harkar sankara lokaci shi ne jari. Likitocin ƙasar nan sun daɗe suna kukan cewa yawancin masu ciwon ba sa isowa gare su sai ya yi nisa, kuma wannan ne ya sa jama'a suka ɗauka cewa daji ba ya jin magani, tunda waɗanda suka gani duk a makare suka je. Alhali sankarar mama da ta bakin mahaifa suna cikin waɗanda ake warkewa idan an kama su da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, a shirin da ta ƙaddamar kan sankarar mama a shekarar 2021, ta sa burin cewa daga ranar da mace ta fara kai kukanta gidan likita zuwa ranar da za a kammala gano ciwonta kada a wuce kwana 60. Duk satin da tsoro ya ci, daga cikin wannan jari ya ci. Kuma hali ya sauya bisa ga da. Tun shekarar 1992 ake riƙe da rajistar masu sankara a Yamai, akwai Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Sankara, CNLC, kuma a shekarar 2021 aka buɗe sashen gashi da haske na farko a ƙasar, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya, AIEA. Kafin nan, wanda ya bukaci irin wannan magani sai ya ƙetare iyaka, abin da sai mai hali ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Wahala ba ta ƙare ba, nisa na nan, tsada na nan, amma wanda takardarsa ta ce sankara ce yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa: tiyata, ko ƙarin ruwan shimiyo, ko gashi, ko a haɗa su, gwargwadon abin da likitoci suka gani.

Ranar karɓar sakamako kada a je shi kaɗai. An sha gani mutum ya fito daga ofishin likita bai riƙe komai ba sai kalmar farko, sauran bayanin duk ya bi iska. Mai rakiya shi ne kunne na biyu: ya rubuta sunan ciwon yadda likita ya faɗa, da mataki na gaba, da wurin da za a je, da ranar. Idan an yi bayani da Faransancin da ya yi tsauri, a roƙi a maimaita da Hausa, ba abin kunya ba ne. Dangi kuma su guji al'adar nan ta zagayawa bayan majinyaci su roƙi likita ya ɓoye masa. Baligi mai hankali yana da haƙƙin sanin abin da ke jikinsa, kuma wanda bai san ciwonsa ba yakan yanke magani a tsakiya da zarar ya ji sauƙi ko ya ji wuya.

Malamar lakwal da yayarta sun isa gidan likita tun ƙarfe bakwai na safiyar randebu, jakar takardu a hannun yayar, ɗan littafin tambayoyi a hannun ƙanwar, maigidan kuma yana tsaye a inuwar bedi a waje yana jan carbi. Ko me takardar ta ƙunsa, mutum uku ne za su ji shi, kuma sun riga sun san gidan da za su sauka a Yamai idan tafiya ta kama. Mai karatu da ke da irin wannan ƴar takarda a naɗe a ƙasan jaka ko a aljihun babbar riga, ya duba ranar da aka rubuta a jiki, ya nemi mutum ɗaya ya gaya masa yau, kafin dare ya yi. Wanda kuma aka zaɓa aka gaya wa, ya riƙe amana, ya share ranar a kalandarsa. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya sanyaya zukatan masu jira, ya sa su ji alheri.